Shekarar da Taki Ya Cinye Masara

Jikokina sukan tambaye ni, wai a zamanin da man fetur ya yi kuɗi, mu mutanen ƙauye mi muka samu? Nakan ce masu ni dai mijina na samu. Sai su fashe da dariya, suna tsammanin ba'a nake yi, alhali wallahi iyakar gaskiyata ke nan.

Ƙauyenmu yana gefen Daudawa, a ƙasar Faskari. An kawo ni gidan ina amarya, damina ɗaya muka yi da maigidana aka fara yaƙin basasa, ya bi samari ya shiga soja. Bai yi shawara da ni ba, da safe kawai na ga wurin takalminshi babu komai. Na zauna tsakanin surukai ina daka, ina ɗebo ruwa, ina kasa kunne ga rediyon gidan maigari ta bayan danga, inda surukina ma ba ya fashin zama, ko da yake sunayen garuruwan da ake faɗa ba wanda na taɓa ji. Aka gama yaƙi, wasu suka dawo, nawa aka riƙe shi a bariki can kudu. Yakan zo hutu kamar baƙo, kafin in gama gane fuskarshi ya koma. Sai da gwamnati ta fara rage sojoji aka sallamo mani shi, da koren akwatin ƙarfe, da kunnen hagu wanda ya mutu. Ya ce wani abu ne ya fashe kusa da shi, bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba. In kana son ya ji ka, sai ka zagayo ta dama.

To, maigidana ɗan fari ne. Yaran yanzu ba su san nauyin wannan ba, su da uwa ke ƙwala wa ɗan farinta kira tun daga bakin titi. A wurinmu uba ba ya faɗin sunan ɗan fari, ba ya zama kusa da shi, ba ya nuna yana son shi ko da son zai kashe shi. Surukina, wanda duk gidan muke kira Baba, ya riƙe wannan kunya kamar farilla. "Wancan" yake ce mashi. In yana da magana da shi, sai ya dubi Inna, matarshi, ya ce, "Ki gaya ma wancan gobe za a yi huɗa," alhali wancan ɗin yana tsugune a gabanshi. Ranar da maigidana ya dawo gaba ɗaya, gari ya cika gidanmu, mata na guɗa, Inna ta shige ɗaki don ita ma kunyar ta hau kanta, Baba kuwa ya tashi ya ce zai je ya duba tunkiyarshi da ke ɗingishi. Tunkiyar nan lafiyarta lau, ni na ba ta dusa da safe.

Ƙasar da ya dawo ya tarar ba ita ya bari ba. An canza kuɗi, fam da sule sun tafi, naira da kwabo sun zo, tsofaffi suna ta rigima da masu tebur a kasuwa. Kullum rediyo na cewa za a gyara abin da yaƙi ya ɓata, za a yi hanyoyi, za a sa kowane yaro makaranta. Kuma ba laifi, mun ga wasu da idonmu. Motocin aiki suka yanko hanyar jan burji ta bayan gari, aka fara rufin kwano, mai shayi ya fara sayar da burodi. Aka ƙara wa ma'aikata albashi, mu da ba mu da albashi aka ƙara mamu kuɗin gishiri da kananzir. Gyaɗa kuwa, wadda a da ita ce rufin asirin kowa, fari ya buge ta, ciwo ya ƙarasa ta. Samari suka fara sulalewa daga gandun iyayensu ɗaya bayan ɗaya, wannan ya bi kamfanin hanya, wancan ya yi Kaduna, har ta kai in ka shiga gona sai furfura kake gani.

Maigidana ya kasa zama wuri ɗaya. Ya shiga, ya fita, ya buɗe akwatin nan, ya rufe. Ana cikin haka wani abokinshi na soja, mutumin Sabuwa, ya fara zarya gidanmu a kan sabon babur, da rediyo rataye a wuya da tabarau kamar na makaho. Ni tun ranar farko jinina bai haɗu da nashi ba. Shi ne mai labarin Ikko: wai jiragen ruwa sun yi layi da kaya har ba wurin saukewa, wai tsohon soja ko gadi ya samu sai ya fi hakimi shan shayi. Ina jin su daga madafa, ina tura itace a murhu kamar shi ya yi mani laifi.

Wani dare bayan cin tuwo maigidana ya ce mani, "Zan bi shi. In na samu ɗaki sai in aiko a kai ki."

Na ce, "Wannan 'sai in aiko' ɗin na san shi. Na ci shi da tuwo, na sha shi da kunu, shekara da shekaru. Malam, in ka sake fita gidan nan, ka tafi da sanin cewa ba dutse ka aura ba."

Ya tsaya yana kallona, don bai saba jin bakina haka ba. Ni ma ban san ina da shi ba sai ranar.

Abin da ya tsayar da shi na ɗan lokaci shi ne aikin gona na gwamnati da ya shigo ƙasarmu a shekarun nan. Aka gina rumbunan taki a manyan garuruwa, malaman gona suka riƙa yawo a kan babura suna tallar sabuwar masara da takin zamani. Takin nan gwamnati ta karya kuɗinshi har ya zama kamar kyauta. Na san gidan da suka saya suka zubar da shi a bola don buhun kawai suke so. Maigidana ya je ya saurari malamin gona, ya dawo da irin masara da buhun taki, da wani haske a ido wanda rabona da ganinshi tun ina amarya. Ya ce, "Zan gwada damina ɗaya. In ƙasar nan ta ba ni abin da zan riƙe ki da shi, na zauna. In ta hana, Ikko."

Kun ji inda aurena ya koma, ya rataya a jikin karan masara.

A lokacin masara abar bayan gida ce, 'yan tushe kaɗan da ake gasa wa yara. Ba wanda ya taɓa cika gona da ita. Baba ya ji labari, ya dubi Inna ya ce, "Ki gaya ma wancan, gayaunar bakin rafi tashi ce, ya je ya zuba gishirin Bature a ciki. Mu dai da kashin shanu muka gaji noma, da shi za mu mutu." A majalisa ma haka yake yi, in an kawo zancen takin zamani sai ya tofar da yawu ya ce abin da ba ya wari ba taki ba ne. Amma na lura, gayaunar da ya ba shi ita ce mafi kyawun ƙasa a gandun duka.

Masara ta fito, kai, ba a magana. Maigidana yana bin ta da murfin kwalba, don haka malamin gona ya koya masu: cikin murfi ɗaya ga kowane tushe, a ɗan nesa da kara, a tona a rufe. Yatsunshi duk suka tsattsage, takin yana cin su, kullum dare sai na shafa mashi man kaɗanya yana yatsine fuska. Ni kuwa murna nake, don mutumin da hannunshi ke ciwo saboda gona ba ya tunanin tashar mota. Masara ta kai gwiwa, ganyenta kore shar har yana baƙi-baƙi, masu wucewa suna tsayawa kallo.

A tsakanin nan Baba ya ɗaura wa jakinshi mangala ya ce zai je Mabai duba ƙanwarshi da ba ta jin daɗi. Ya kwana biyu ya dawo, ba ta ƙofar gida ba, ta hanyar gona. Ba wanda ya kawo komai a ranshi. Bayan 'yan kwanaki aka yi wa abokin nan na Sabuwa haihuwa, maigidana ya tafi suna, abokai suka riƙe shi. Aka yi ɗan yayyafi wanda bai kai ya jiƙa ƙasa ba, sannan rana ta buɗe kamar da gayya.

Ranar da ya dawo, gona ya fara zuwa. Ina tsakar gida ina tankaɗe ya shigo da tushen masara a hannu, ya jefar a gabana. Ganyen ya ƙone tun daga baki, ya nannaɗe, kamar an watsa mashi tafasasshen ruwa.

Ya ce, "Rabin gonar haka take. An bi ta tushe-tushe an tula mata taki, ƙwarya-ƙwarya, a jikin kara, an yayyafa ƙasa a kai. Wanda ya yi wannan ya san abin da yake yi."

Na ce, "Innalillahi! Wa zai yi maka haka?"

Yana da wanda yake zargi, wani maƙwabcin gona da suka taɓa sa-in-sa a kan iyaka. Na riƙe rigarshi na ce ya ji tsoron Allah, bai gani da idonshi ba. Ya fizge ya shiga ɗaki, na ji ƙarar akwatin ƙarfen nan a ƙasa. Ya ce ba zai taɓa kowa ba, ya ga isasshen jini a duniya, amma garin da za a bi mutum har gona a ƙone mashi abinci ba wurin zama ba ne. Ya aika wa abokinshi cewa ya shirya, ranar kasuwar Sabuwa mai zuwa ya biyo ya ɗauke shi. Na shiga bayan ɗaki na yi kuka har na gode Allah, na wanke fuska na dawo na ɗora tukunya, don baƙin ciki ba ya hana gida cin tuwo.

Tuwon nan ne ya tona asiri. Baba mutum ne mai son tuwon dawa da miyar kuka, a barbaɗa yaji har sai ya yi gumi. Amma kwana da kwanaki akushinshi na dawowa kusan yadda na kai shi, sai ya ce a dama mashi fura. Na zaci ko hannuna ne ya lalace saboda damuwa. Rannan da la'asar na kai mashi butar alwala. Suruka ba ta kallon fuskar surukinta, tana durƙusawa ne ta sunkuyar da kai, to ina idonta zai sauka in ba a hannu ba? Ya miƙo hannu zai karɓi buta, na ga tafin ya saɓule, tsakanin yatsu ya tsage ya yi ja, gefen farce duk ya ci. Na san wannan ciwon, ni na yi jinyar ƙaninshi a hannun ɗanshi. Sai dai na Baba ya ninka, kamar na wanda ya yi ta dumbuzar abin da hannu biyu cikin raɓa.

Ashe ba Mabai kaɗai ya je ba. Daga baya muka ji ya zarce Kankara, inda ba wanda ya san shi balle a ce ga mai zagin gishirin Bature yana saye, ya sayi taki ya loda wa jaki, ya ɓoye a bukkar gona. Da ɗanshi ya tafi suna, sai ya riƙa fita bayan sallar asuba shi kaɗai. Shi a saninshi taki taki ne, wanda ya fi zubawa shi ya fi girbi. Ya ga ɗanshi na bin gona da murfin kwalba kamar mai rowa, ya ce a ranshi yaron nan zai kashe kanshi da ƙwauro, masara ta ƙi, ya tafi. Garin neman gira aka rasa ido.

Na koma madafa. Dariya na zo mani, kuka na zo mani. In faɗa wa maigidana? Da wane baki suruka za ta ce surukinta ya yi ɓarna? In yi shiru kuma, jibi babur zai zo. Na dubi kaskon man kaɗanya a kan bango, na ɗauko, na shiga ɗaki inda maigidana yake ninke kaya, na zagaya ta damanshi na ce, "Ungo, kai ma Baba. Hannunshi na ciwo."

Ya ce, "Ki ba Inna mana. Ni da Baba yaushe..."

Na ce, "Inna ta shiga maƙwabta. Kai zan ba. Kuma in ka je ka dubi hannun da kyau."

Ya dube ni, ya dubi kaskon, ya karɓa ya fita. Ni kuwa na ɗauki faifai na bi ta bayan dangar kara da ta raba turakar Baba da tsakar gida, na tsuguna kamar mai tsintar tsakuwa a gero. Allah Ya yafe mani laɓe, amma ko yau aka maimaita sai na laɓe.

Baba na zaune a kan buzu, jakinshi na ɗaure a gindin ɗurumi. Da ya ga mai zuwa sai ya tura hannuwanshi cikin hannun riga. Maigidana ya durƙusa nesa kaɗan, ya ajiye kaskon, ya gaishe shi. Baba ya amsa wa iska. Can maigidana ya matsa, abin da bai taɓa yi ba tun yana yaro, ya kama hannun rigar ya janye. Ya daɗe yana kallo.

Baba ya juya ya dubi jakin, da shi ya yi magana. Ya ce, "An ce murfin kwalba. Na ce abin da murfin kwalba zai yi, ai ƙwarya ta fi shi. Ni tun da nake ban taɓa ganin taki ya yi ma gona yawa ba." Ya sake duban jakin. "Kai ma da ka ɗauko shi ba ka ce mani komi ba."

Jaki ya kaɗa kunne. Na toshe bakina da gefen zane.

Maigidana ya jawo kaskon kusa. Ya lakato man, ya kama hannun tsohon ya fara shafawa a hankali, yatsa bayan yatsa, kanshi a sunkuye. Yadda ya durƙusa, kunnenshi na hagu ne ke wajen Baba, ni kuma ina daidai bayansu, tsakanina da su kara ne kawai. Sai na ga Baba ya dubi kunnen nan, ya waiga hagu da dama, ya sunkuya. A hankali, kamar mai tsoron kada bango ya ji, ya kira sunan ɗanshi. Sunan yanka, cikakke. Ya ce, "Kada ka tafi. Na gaji da sauraren rediyo."

Hannun maigidana bai tsaya ba, bai ɗago ba, ya ci gaba da shafa mai. Na ce a raina, wayyo Baba, ka zaɓi mataccen kunne don kada a ji ka, kuma ba a ji ka ba. Hawaye suka zubo mani cikin geron mutane.

Da asuba na farka na ga akwati na nan, fartanya ce babu. Kafin hantsi Baba ya leƙo tsakar gida ya ce wa Inna, "Ki gaya ma wancan, in an yi ruwa akwai dawar da za a cire a babbar gona, a dasa inda ya ƙone." Inna ta ce wancan ai tun ɗazu yana can yana tuge matattun. Baba ya ce to, ya ɗauki sandarshi ya bi bayanshi.

Ranar kasuwar Sabuwa mai babur ya zo yana ta matsa ƙaho a ƙofar gida. Na aika a ce mashi maigidan yana gona, kuma ya ce a gaishe da Ikko. Na haɗa mashi da furar da ta fi kowace tsami a gidan, don kada a ce ban yi karamci ba. Da na ji ƙarar babur ɗin ta yi nisa, na zauna daɓas a kan turmi na yi ajiyar zuciyar da na daɗe ina bin kaina. A daren Allah Ya saukar da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya wanke ƙasar, da safe uba da ɗa suka yi dashe, kowa na bin kunyarshi, ba mai ce wa wani komai.

Ba zan ce mun yi arziki a shekarar ba. Rabin masarar da ta tsira ta yi goyo bibbiyu, mutane suka riƙa zuwa kallo har daga Faskari, amma da aka girbe ba mu san yadda ake tuwonta ba, na farko da na tuƙa ko kare sai da ya yi tunani. Dawar da aka dasa a wurin ƙunar ta sha ragowar takin, ta yi tsawo har ta wuce misali, iska ta kwantar da wasu, sauran suka ba da abin da suka ba da. Baba ya ce wa majalisa ai ga shi nan, dawa ce ta fi. Bai daina zagin gishirin Bature ba har ya bar duniya, sai dai bayan rasuwarshi Inna ta sami murfin kwalba a aljihun kowace riga tashi. Shekarun kuɗin ma ba su daɗe ba, takin ya yi tsada, hanyar burji ta fashe, mai babur ya dawo daga Ikko ba babur. Mu dai muna nan, masara ta zama abincin gari, akwatin ƙarfe ya zama wurin ajiyar iri don ɓera ba ya iya huda shi.

Maganar da na ji ta bayan danga kuwa na riƙe ta ni kaɗai shekaru masu yawa, ina ganin amanar Baba ce. Sai da muka tsufa, rannan muna zaune da yamma ina ɓarar masara yana gyaran igiya, na ga bai kamata mutum ya mutu bai san ubanshi ya taɓa kiran sunanshi ba. Na zagaya ta dama na ba shi labari tun daga farko, har da laɓen da na yi.

Ya saurara har na gama, yana murmushi. Sannan ya taɓa kunnen hagun ya ce, "Wannan ai ba duka ya mutu ba, in an matso kusa yana ɗan ɗauka. Na ji shi sarai."

Na ce, "Ka ji? Kuma ko motsi ba ka yi ba?"

Ya ce, "In na ɗago, da wane ido zai sake kallona? Hannun kawai na samu na riƙe."